Fiffiken Shaho Ko Na Zabo: Wane Irin Tashi Ya Dace Da Labarinku?

A duk ƙungiyar da ta daɗe tana wasan labari irin na Dungeons & Dragons, akwai ranar da wani daga cikin ƴan wasa zai zo da takardarsa a hannu ya ce jarumin da yake so ya riƙe mai fukafukai ne. A wurinmu, a wata fada da ke unguwar Zariya a Maraɗi, inda tabarma ce ke zaman tebur kuma shayi ne ke auna tsawon zama, wannan rana ta zo tun wata na biyu da farawa, kuma mun kusa shekara muna sauya shawara a kanta. Na rubuta wannan ne domin jagoran wasa da ƴan wasansa da suka iso wannan gaɓa, su ga hanyoyin da ke gabansu da abin da kowace za ta ci musu kafin su ce e ko a'a.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya, wanda muke kira jagora, shi ke bayyana duniyar labarin da duk abin da ke cikinta, daga sarakuna har kuraye, sauran kuma kowa yana riƙe da jarumi ɗaya yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin da aka yi niyya yana iya yiwuwa kuma yana iya ƙin yiwuwa, sai a jefa ɗan ludo, galibi mai fuska 20, shi ya raba gardama. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, kuma bugu na biyar, wanda ya fito a 2014 aka yi masa kwaskwarima a 2024, shi zan fi kafa hujja da shi. Jarumi yana farawa daga mataki na 1 yana hawa har na 20. Zan ba da awo da mita, kamar yadda fassarar Faransanci take yi, tunda da ita muka fi sabawa a nan.

Abin da na fahimta bayan doguwar jayayya shi ne, maganar fukafukai tana rataye ne da wata tambaya da ta girme ta, wato mene ne kuke so ya zama mai wuya a cikin labarinku. Bahaushe ya san wannan bambanci tun kafin ya ga ɗan ludo mai fuska 20. Idan tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, mai saurare ya shirya jin dabbobi suna magana da Dodo yana haɗiye gari, kuma ba zai tambayi yadda aka yi wane ya tsallake kogi ba, domin hankalinsa yana kan wayo da kwaɗayi da sakayya. Idan kuwa tsohon falke ne yake ba da labarin ayarin jakuna zuwa Gwanja neman goro, to kogin shi ne labarin, haka rijiyar da aka tarar ta ƙafe, haka ƙofar birnin da aka rufe kafin ayari ya iso. Masu wannan wasa a duniya sun rabu gida biyu kusan a kan wannan layi: masu son almara mai yalwar abin mamaki, inda jarumai suka fi ƙarfin talaka tun daga ranar farko, da masu son labari mai tafiya a ƙasa, inda yunwa da nisa da duhu suke da haƙora. Zan kira na farko duniyar tatsuniya, na biyu duniyar fatake.

Tashin da ƴan wasa suka fi kwaɗayi shi ne na shaho, wato jarumi ya tashi lokacin da ya ga dama, ya daɗe a sama gwargwadon yadda yake so, tun daga mataki na 1. Fitaccen misalinsa shi ne mutanen tsuntsu da wasan ke kira arakokra, waɗanda suka fara bayyana a 1981 a matsayin halittun da jagora ke riƙewa, daga baya aka buɗe wa ƴan wasa ƙofar riƙe su, a bugu na biyar kuwa an yi hakan a 2015. A wancan tsari, arakokra yana tashi mita 15 a kowane zagaye na daƙiƙa 6, alhali mutum mai ƙafa biyu yana tafiyar mita 9, shi kuma idan ya sauka ƙasa mita 7 da rabi kawai yake iya yi. An gindaya masa sharaɗi ɗaya mai muhimmanci: ba ya tashi da matsakaicin kayan kariya ko mai nauyi. Idan muka mai da wannan zuwa kayan yaƙin ƙasar Hausa, rigar da aka cusa wa auduga irin ta ƴan lifida tana cikin marasa nauyi, don haka yana iya sa ta, amma sulke ya haramta gare shi muddin yana son barin ƙasa. Daga baya an ƙara wasu masu irin wannan tashi, kamar mutanen mujiya da ƙananan halittu masu fiffike da suka fito a 2021, dukkansu da wannan sharaɗi na kayan kariya.

Daɗin wannan tashi ba ya ɓuya. Ɗan wasan da ya riƙe irin wannan jarumi yana ganin duniyar labarin daga inda babu wanda ya taɓa ganinta, yana leƙa bayan ganuwa, yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, kuma a duniyar tatsuniya wannan ribar kowa ce, domin labarin yana son a yi sauri a kai ga abin mamaki na gaba. Akwai ma abin da ke ba jarumin zurfi idan ɗan wasa ya kula: bayanin 2015 ya ce arakokra yana balaga a shekara 3 kuma da wuya ya wuce shekara 30, saboda haka halitta ce mai gaggawa, wadda ke zaune tare da mutanen da za su binne ta tun suna da ƙarfinsu.

Farashinsa kuwa a kan jagora yake fara sauka, kuma na biya shi da kaina. Labarinmu na farko mun gina shi ne a wata ƙasa ta ƙage mai kama da wannan yanki a ƙarni na 19, da garuruwa masu ganuwa da gulbi mai cika da damina. Wanda ya san Gulbin Maraɗi a watan Agusta, gulbin da ambaliyarsa ta 1945 ta sa aka tashi tsohon gari daga kwari aka koma tudu, ya san cewa tsallake irin wannan ruwa ya isa ya cika dare guda na wasa. Na kwana shida ina shiri. Jarumai biyar za su kai takardar sarki zuwa wani gari da ke hayin ruwa, sarkin ruwan wurin ba zai ba su masu fito ba sai sun shiga tsakaninsa da wani ƙauye da suke rigimar fadama, kuma a cikin rigimar na ɓoye bakin zaren duk abin da zai biyo baya. Da na gama bayyana ruwan, da jan launinsa da itatuwan da yake tafe da su, sai ƙanena, wanda ke riƙe da mai fukafukai, ya ɗago kai ya ce, “Yaya, faɗinsa mita nawa ne?” Na ce arba'in. Ya ce, “To, ku miƙo mini takardar.” Zagaye uku, wato daƙiƙa 18 a lissafin labari, ya sauka a hayi. Ba a kai ga sauke shayi na farko ba aka gama abin da na tanada don dare guda, sauran jarumai huɗu kuwa suna zaune a bakin gaɓa babu abin da suka taɓuka.

Bai yi laifin komai ba, domin da abin da na ba shi ya yi aiki. Kuskuren nawa ne, da na shirya labarin fatake sannan na bar shaho ya shiga ayari. Irin wannan kuma yana maimaituwa a fagen faɗa. Doguwar baka tana kai mita 45 ba tare da an rage wa mai harbi komai ba, mashin jifa kuwa iyakarsa mita 36, kura da kyarkeci da mafi yawan namun dajin da ake tura wa jaruman matakin farko ba su da abin jifa ko kaɗan. Mai fukafukai da baka a hannu, idan ya tsaya mita 40 a sama, yana iya kashe garken kuraye ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ko taɓa shi ba. Jagora yakan nemi mafita ta hanyar cika kowane faɗa da ƴan baka, amma wannan magani yana da dafi, saboda kiban da aka ƙara don mutum ɗaya a jikin sauran huɗun suke ƙarewa, kuma ba a daɗewa ƴan wasa su gane cewa duniyar ta daina bin hankalinta ta koma farautar jarumi ɗaya. Masu wasan ma sun san da matsalar. Lokacin da aka fitar da arakokra a 2015, tsarin wasannin da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ke shiryawa a shaguna da tarurruka bai yarda a zo da shi ba, kuma a 2022 an rage gudunsa a sama daga mita 15 zuwa mita 9.

Sai dai masu cewa fiffiken shaho ya fi ƙarfin wasa sukan manta da cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma dokar faɗuwa ba ta da tausayi. Kowace mita 3 ta faɗuwa tana jawo jifa ɗaya na ɗan ludo mai fuska 6, har zuwa jifa 20. Matsakaicin jifa ɗaya 3 da rabi ne, don haka faɗuwa daga mita 9 tana cin kusan maki 10 na rai, wato makin da ke auna raunin da jarumi zai iya jurewa, alhali mayaƙi a mataki na 1 yakan fara da wajen 12, mai sihiri kuwa da 7 ko 8. Mai tashi da fiffike, idan aka kayar da shi ko aka tsai da motsinsa, faɗowa zai yi. Abin da ya fi muni shi ne idan kibiya ta ƙarar da makin ransa yana sama: zai sumo ƙasa, kuma idan raunin faɗuwar ya kai adadin cikakken makin ransa, ya mutu nan take, babu jiran magani. Haka jarumin ƙanena ya ƙare a mataki na 2, da makin rai 15, a sama da wata ganuwa. Ya tashi mita 18 don ya ƙirga masu gadi, kibau biyu suka same shi, na tattara ƴan ludo shida na zuba a faranti, jimillarsu ta ba da 22. Tabarma ta yi tsit. Abokansa suna can nesa a cikin gero, ko da a ce akwai sauran numfashi babu mai iya isa gare shi. Ga masu son duniyar fatake wannan dare ne da ba a mantawa, amma ɗan wasan da ya zo don ya yi shawagi cikin nishaɗi zai ji kamar an yi masa ungulu da kan zabo.

Akwai wasu ƙa'idoji da ke rage wa shaho ƙarfi ba tare da jagora ya yi ƙage ba. Dokokin 2014 sun ce a cikin iska mai ƙarfi mai tashi da fiffike dole ya sauka a ƙarshen zagayensa ko ya faɗo, kuma ƙasar da ke da guguwar farkon damina da hazon hunturu ba ta rasa ranakun da sama za ta rufe. Kurmi mai duhuwa irin na Baban Rafi yana ɓoye abin da ke ƙasa daga idon na sama, rijiya mai zurfi da kogo da zaure kuwa ba su da wurin buɗe fiffike. Waɗannan suna aiki matuƙar sun zo a lokacinsu. Idan guguwa ta riƙa tasowa duk ranar da jarumi ya buɗe fukafukai, kowa zai gane hannun jagora ne.

Hanya ta biyu ita ce tashin zabo, wanda ke iya tashi da gaske amma ba ya nisa kuma ba ya daɗewa. Don a gane hikimarta, a dubi inda wasan da kansa ya ajiye tashi a ma'auninsa. Sihirin tashi ba ya zuwa hannun jarumi sai a mataki na 5, yana ba da gudun mita 18 na tsawon minti 10, yana cinye ɗaya daga cikin ƴan damarmakin sihirin da mai shi ke da su a yini, kuma yana iya tsinkewa idan aka yi wa mai riƙe da shi rauni hankalinsa ya rabu. Wato masu tsara wasan sun ɗauki tashi a matsayin abin da ake saya da tsada a tsakiyar tafiya. A kan wannan ma'auni aka gina wasu jinsuna biyu a gyaran 2024: masu jinin halittun sama suna iya fitar da fukafukai daga mataki na 3, na tsawon minti 1, sau ɗaya kafin dogon hutu na awa 8, masu jinin macijin wuta kuwa daga mataki na 5, na tsawon minti 10, su ma sau ɗaya.

Minti ɗaya zagaye 10 ne, wato mita 90 a gudun da aka saba. Ya isa tsallake gulbi, ya isa hawa ganuwa, ya isa ceto wanda ya rataye a bakin rijiya, amma bai isa a yi duka ukun a rana ɗaya ba, kuma a nan amfaninsa yake. Fiffiken ya zama kamar guzuri, ana tunanin inda za a kashe shi, ana shawara da abokan tafiya, wani lokaci ana nadamar an yi gaggawa. Tatsuniyarmu ma da ta ba Gizo fukafukai aro ta ba shi. Hankaki ne suka tara masa gashi ɗai-ɗai don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, da haɗamarsa ta ishe su kowa ya zare nasa suka bar shi a kan itace. Daɗin wannan tatsuniya yana cikin cewa ana iya karɓe fiffiken, kuma jagoran da ke neman dalilin da zai ba ƴan wasa kan taƙaita tashi yana iya aron wannan tsari kai tsaye: laya ce mai aiki sau ɗaya a yini, ko baiwa ce daga sarkin tsuntsaye mai sharaɗi a kanta.

Rauninta shi ne ba ta gamsar da wanda tashi ne ainihin abin da ya kawo shi. Mutumin da ya zana jaruminsa da fukafukai a bayan littafin lakwal, ya raɗa masa suna, ya tsara yadda danginsa ke kwana a kan duwatsu, idan aka ce masa minti ɗaya a yini, zai ji an ba shi hoton abin da ya roƙa. Irin wannan ɗan wasa ya fi dacewa da hanya ta uku, wadda nake kira ta ɗan shila. Jarumi yana da fukafukai na jiki tun farko, kowa yana ganinsu, amma ba su yi ƙwarin ɗaukarsa ba tukuna. Wani tsohon bugun wasan, wanda ake kira 3.5, ya gwada wannan a 2005 da wani jinsin mutanen tsuntsu: a farko suna sulalowa ne kawai, mita 6 gaba a kan kowace mita 1 da rabi da suka sauko, a mataki na 5 su fara tashi na ɗan lokaci, a mataki na 10 su tashi ba gajiya. Bugu na biyu na Pathfinder, wani wasa makamancin wannan, wanda ya fito a 2019, shi ma ya bi wannan hanya da jinsunansa masu fiffike, inda ake samun tashi kaɗan-kaɗan yayin da jarumi ke hawa mataki. Ƙarfin wannan tsari shi ne yana tafiya tare da labarin, domin a matakan farko, lokacin da ganuwa da gulbi suke da nauyi, jarumin yana ƙasa tare da kowa, lokacin da ya fara tashi kuwa abokansa sun samu nasu sihirin, maƙiya ma sun girma. Sharaɗinsa ɗaya ne, ƙungiyar ta daɗe. A fadar da jarrabawa da tafiya ci-rani da aure suke ɗauke mutane kafin a kai mataki na 5, alkawarin tashi a mataki na 10 bashi ne da ba za a biya ba.

Hana fukafukai ɗungurungum shi ma zaɓi ne mai mutunci, kuma akwai wasannin da aka gina a kansa. Warhammer Fantasy Roleplay, wanda ya fito a Ingila a 1986, yana iya fara ka a matsayin mai kama ɓeraye ko almajirin mai sana'a, a duniyar da rauni ɗaya ke iya raba mutum da hannunsa. Call of Cthulhu na 1981 kuwa wasan tsoro ne, jarumansa mutane ne kamar kowa. A labarin tsoro musamman ba na ganin wurin fiffike a bayan jarumi, domin tsoro yana rayuwa ne a kan rashin mafita, kuma wanda zai iya tashi ya bar gidan ba zai ji abin da sauran ke ji ba idan ƙofa ta rufe kanta. A irin wannan labari, fukafukai na abin da ke bin ku ne a cikin duhu. Abin da kawai zan ja kunnen jagora a kai shi ne ya faɗi hanin tun zaman farko, kafin kowa ya ɓata dare yana tsara jarumi, kuma ya faɗi dalilinsa a fili.

Kada dai a ɗauka cewa fiffike da labari mai tsanani ba sa haɗuwa ko kaɗan. Duniyar Dark Sun, wadda ta fito a 1991, hamada ce da ruwa da ƙarfe suka yi ƙaranci, tana cikin mafi tsananin duniyoyin Dungeons & Dragons, amma a gyaranta na 1995 an yarda ƴan wasa su riƙe arakokra. A ganina abin ya yiwu ne saboda wahalar wannan duniya ba irin wadda ake tsallakewa ba ce. Wanda ya taɓa bin hanyar da ta wuce Dakoro ta yi arewa a watan Afrilu ya san cewa hango rijiya daga nesa ba ya rage tazarar da ƙafa za ta taka, kuma mai fiffike ba zai ɗauki mutum huɗu da raƙumansu ba. Abin da zai iya shi ne ya dawo da labarin cewa ruwan ya fi nisan da aka zata. Saboda haka ma'aunin da ya fi amfani ga jagora shi ne ya jera manyan wahalhalun da ya tanada, ya duba nawa ne daga cikinsu shinge ne, kamar ganuwa da kogi da rami, nawa ne kuma nisa ko ƙishirwa ko sharrin mutane. Idan shinge ya fi yawa, shaho zai cinye labarin. Idan rikicin fada ne da cin amana da neman wanda ya sa wa sarki dafi, fiffike ba ya buɗe bakin mai ɓoye sirri, kuma ana iya barin shi ba tare da fargaba ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan fiye da yadda ya shafi waɗanda suka rubuta littattafan. Wasu daga cikin masu fukafukai a wasan an danganta asalinsu da mala'iku, wasu da shaiɗanu, kamar jinsin masu ƙaho da aka ba zaɓin fiffike irin na jemage a 2015. A garin da yaro ya tashi yana jin ayar farko ta Suratu Faɗir, wadda ta ambaci mala'iku masu fukafukai bibbiyu da uku-uku da hurhuɗu, ba kowa ne zai saki jiki a ce jaruminsa jikan mala'ika ne ba, kuma bai kamata a tilasta wa kowa ba. Gyaran yana da sauƙi, domin lissafin dokar bai damu da sunan ba. A bar minti ɗayan da mita 9 ɗin yadda suke, a ce jarumin daga zuriyar mahalban da suka ƙulla amana da gauraka ya fito, ko daga mutanen da ke zuwa da shamuwa a farkon damina su koma tare da ita. Mun gwada, kuma jaruman da suka fito daga wannan sauyi sun fi na littafin zama a bakin ƴan wasa.

Wani ƙaramin nauyi da ba a cika ambata ba shi ne na taswira. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta nuna tsawo, don haka da zarar mutum ɗaya ya tashi sai lissafin tazara ya ninka. Mu kofin shayi muke kifewa mu ɗora murfin kwalbar da ke wakiltar jarumin a kai, mu rubuta mitocin a gefen takarda. Yana aiki, amma yana ƙara wa kowane faɗa mintuna, kuma sabon jagora da bai gama riƙe sauran dokoki ba zai ji nauyinsa.

Idan aka tambaye ni wanne za a ɗauka, amsata ta danganta da mutanen da ke kan tabarma. Ƙungiyar da ta yarda tatsuniya take so, mai birane a kan gajimare da yaƙi a sararin sama, ta ɗauki shaho, amma ta ba kowa hanyar tashi, ko da fiffike ko da abin hawa, don kada mutum ɗaya ya riƙa tafiya leƙen asiri na rabin awa sauran suna kallon wayoyinsu. Ƙungiyar da ta tabbata za ta shekara tare, kuma a cikinta akwai mai son fukafukai har zuciya, ɗan shila ya fi mata. Masu son tsoro ko tafiyar fatake tsantsa su hana, su faɗa tun da wuri. Ga sabuwar ƙungiya kuwa, wadda ba ta riga ta san irin labarin da take so ba, kuma mafi yawan waɗanda na sani a nan haka suke, zabo nake ba da shawara, saboda shi kaɗai ne ke barin ƙofofin biyu a buɗe: idan labarin ya karkata zuwa tatsuniya ana iya tsawaita mintin, idan ya karkata zuwa fatake ba sai an ƙwace wa kowa komai ba, kuma ƙara wa ɗan wasa abu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan karɓe abin da ya riga ya saba da shi.

Shi muka ɗauka a labarinmu na biyu. Ƙanena ya dawo da sabon jarumi daga mutanen shamuwa, mai minti ɗaya a yini, ni kuma na ciro tsohuwar takardar gulbin da ban samu yin amfani da ita ba. A wannan karon sun san cewa garin da ke hayi yana rufe ƙofa da faɗuwar rana, kuma a cikin ganuwarsa ake tsare da wanda suka zo nema. Ya sake tambayar faɗin ruwan, na sake ce masa arba'in. Ya daɗe yana juya ɗan ludo a tafin hannunsa, sannan ya dubi sauran ya ce a ajiye fiffiken don ganuwa, a je a gai da sarkin ruwa a ji abin da yake so.